William Halsted, Likitan Da Ya Shigo Da Safar Hannu Ɗakin Tiyata

A wannan mako za mu duba tarihin William Halsted, wanda aka haifa a birnin New York na ƙasar Amurka a shekarar 1852. Ubansa babban ɗan kasuwa ne mai sarin kaya. Ya gama karatun likita a 1877, ya ƙaro ilimi a Ostiriya da Jamus.

Mutum ne marar tsoro. A 1881 ƙanwarsa ta zubar da jini bayan haihuwa, ya ɗebi nasa ya ƙara mata, ta rayu. Amma a 1884 ya riƙa gwada hodar iblis a jikinsa don neman maganin kashe zafi, ta kama shi, kuma bai rabu da shan ƙwaya ba har ƙarshen ransa.

A 1889 ya fara aiki a sabon asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. A lokacin, hannu tsirara ake yin tiyata, bayan an wanke shi an jiƙa cikin magani mai ƙarfi. Maganin ya cinye fatar hannun Caroline Hampton, ma'aikaciyar jinyar da ke miƙa masa kayan aiki. Sai ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar hannu ta roba marar kauri. A 1890 suka yi aure.

Kun ga ke nan, don kare hannun ma'aikaciya aka ƙirƙiro safar. Sai daga baya ɗalibinsa Joseph Bloodgood ya lura cewa raunin majinyata ya rage ruɓewa idan kowa ya sa ta. Kuma ba su daina goge hannu kafin su sa ba.

Wannan ne abin da ake ta nanata wa ma'aikatan lafiya har gobe. Safa tana hujewa ba a gani ba, hannu yana ɗaukar ƙwayoyin cuta wajen cire ta, kuma wadda aka taɓa mutum biyu da ita ta zama dillaliyar cuta. Ka'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 sun wajabta tsabtace hannu kafin sa safa da bayan cire ta, a kan haka ma aka yi ranar tsabtace hannu ta 5 ga Mayun 2025. Mu a Falanko da sauran Damargu, inda ruwa ke da wuya, safa kuma kuɗi ce, sai rai ya raya wa mutum ya wuni da guda. Iyayenmu mata masu sayar da abinci sun san misalin: ledar da aka ɗaura a hannu aka karɓi kuɗi, aka koma tukunya da ita, ba ta kare mai saye ba. Idan kuka kai yaro asibiti, ba rashin kunya ba ne ku roƙi a canza safa.

Halsted ya rasu a Baltimore ranar 7 ga Satumban 1922, bayan an yi masa tiyatar tsakuwar matsarmama. Caroline ta bi shi a watan Nuwamban wannan shekara. Ba su bar ɗa ba.