Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi: Sahabin da Aka Hana Shi Ƙure Kansa da Ibada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, mun saba jin labarin mutanen da aka yi wa wa'azi saboda sun yi sakaci da ibada. Sahabin da za mu kawo tarihinsa a wannan fitowa kuwa, shi tsawatar masa aka yi saboda ibadarsa ta yi yawa, har ta fara cin haƙƙin jikinsa da na iyalinsa.

Abdullahi Baƙuraishe ne daga gidan Banu Sahmi na Makka. Mahaifinsa shi ne Amru ɗan Asi, sarkin yaƙin da Allah ya buɗe Masar a hannunsa zamanin halifancin Sayyidina Umaru. Masu tarihi sun ambata cewa shekarun da ke tsakanin uban da ɗan ba su fi goma sha biyu ba, kuma ɗan ya riga uban shiga Musulunci, domin Amru bai musulunta ba sai a shekara ta 8 bayan hijira. Abdullahi na cikin tsirarun samarin Makka da suka iya karatu da rubutu. Ya nemi izinin Manzon Allah (S.A.W.) ya riƙa rubuta abin da yake ji daga bakinsa. Wasu Ƙuraishawa suka hana shi, wai Annabi mutum ne, yana magana cikin fushi da cikin yarda. Da ya kai maganar, Annabi ya umarce shi ya ci gaba da rubutu, ya tabbatar masa gaskiya kaɗai ke fita daga bakinsa. Takardun da ya tara su ake kira Assahifatus Sadiƙa. Abu Huraira da kansa ya shaida cewa babu sahabin da ya fi shi tarin hadisi sai Abdullahi, dalili kuwa shi Abdullahi yana rubutawa, Abu Huraira ba ya rubutu.

To, wannan saurayi sai ya ɗaura wa kansa azumi kowace rana, da tsayuwar dare har asuba, da sauke Alƙur'ani a kowane dare. Mahaifinsa ya aurar masa da wata mace mai asali daga Ƙuraishawa. Yakan zo ya gaida surukarsa ya tambaye ta halin mijinta. Ita kuwa mace ce mai kunya da hikima, sai ta yabe shi da cewa mutumin kirki ne, amma ta sanar da shi a sakaye cewa tun da aka kawo ta bai kusanci shimfiɗarta ba. Amru ya gane inda maganar ta dosa. Da abin ya daɗe, sai ya kai ƙarar ɗansa wurin Manzon Allah.

Abin da ya gudana tsakaninsu yana cikin Bukhari da Muslim ta hanyoyi masu yawa, kuma Abdullahi ne da kansa ya ruwaito shi. A wata ruwaya Annabi ne ya taka har gidansa. Abdullahi ya ajiye masa matashi na fata mai cike da zaren dabino, Annabi ya zauna a ƙasa, matashin ya zauna tsakaninsu. Ya tambaye shi ko gaskiya ne labarin da ya iso masa, Abdullahi ya amsa da cewa alheri kawai yake nufi. Annabi bai ƙaryata niyyarsa ba. Sai ya nuna masa abin da zai biyo baya: idanunsa za su zurma, ransa zai gaji. Ya tuna masa cewa jikinsa na da haƙƙi a kansa, idonsa na da haƙƙi, matarsa na da haƙƙi, baƙonsa ma haka. A lura da kyau, haƙƙi aka kira su. Haƙƙi kuwa abin biya ne, wanda ya tauye shi ba zai fake da nafila ya tsira ba.

Daga nan aka shiga abin da ya yi kama da ciniki. Annabi ya ba shi kwana 3 a kowane wata, ya bayyana masa cewa kyakkyawan aiki ninki goma ake sakawa, don haka kwana 3 tamkar wata ne cikakke, mai yin haka kamar ya azumci shekara duka. Abdullahi ya ce yana da ƙarfin da ya fi haka. Aka ƙara masa, ya sake neman ƙari, har aka kai ga azumin Annabi Dawuda, wato a yi yau a sha gobe. Ya ce har yanzu zai iya fin haka, aka ce masa babu abin da ya fi wannan. Haka aka yi game da Alƙur'ani: aka fara da sauka ɗaya a wata, yana roƙo ana ragewa, har aka tsaya a kwana 7, wata ruwayar ta ce 3. Game da dare ma tsarin Annabi Dawuda aka nuna masa: barcin rabin dare, tsayuwar sulusinsa, sannan a koma a kwanta sudusin da ya rage. Wanda ya yi lissafi zai ga kashi biyu cikin uku na daren nan barci ne.

Akwai kalma guda da Annabi ya faɗa masa wadda samartaka ta hana shi auna nauyinta a lokacin: ya ce masa bai sani ba ko rayuwarsa za ta yi tsawo. Ta kuwa yi tsawo. Da tsufa ya kama shi, ya sha faɗa wa almajiransa cewa ya yi burin da ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi tun farko. Amma ya ƙi ya bar abin da suka rabu da Annabi a kansa. Sai ya shiga dabara: da rana ya karanta wa wani daga iyalinsa subu'in Alƙur'anin da zai yi salla da shi, don ya zo masa da sauƙi da dare, idan ƙarfi ya gaza ya sha ruwa kwanaki a jere yana ƙirgawa, in ya murmure ya rama adadinsu.

Malamai sun yi saɓani kan azumin kullum. Imamu Malik, a cikin Muwaɗɗa, bai ga laifinsa ba ga wanda zai sha ruwa a ranakun da aka haramta azumi, wasu kuwa sun karhanta shi saboda wannan hadisi. Sai dai ko masu halattawa sun shardanta kada ya jawo tauye wani haƙƙi. Manomin da ya ɗora wa kansa nafila a tsakiyar damina har fartanya ta gagare shi, da ɗalibin da ya raya dare ya wuni yana gyangyaɗi gaban malaminsa, su duba wannan sharaɗi.

Kada a ɗauka Abdullahi ya juya wa duniya baya. Yana da gonar inabi a Ɗa'ifa mai suna Alwahɗu, yana kula da ita ƙwarai. Lokacin da Anbasatu ɗan Abu Sufyan ya so ya taɓa ta, Abdullahi ya yi shirin kare ta da makami, yana kafa hujja da hadisin da ya ji na shahadar wanda aka kashe wajen tsaron dukiyarsa. Ya halarci yaƙin Yarmuk a shekara ta 15, ya kuma san littattafan Ahlul Kitabi.

Jarrabawarsa mafi tsanani ta zo a Siffin, shekara ta 37 (657 Miladiyya). Mahaifinsa na ɓangaren Mu'awiya, shi kuwa zuciyarsa ba ta son a zubar da jinin Musulmi. Ya fita tare da uban saboda Annabi ya taɓa umartarsa da yi masa biyayya muddin yana raye, amma ya rantse bai sari kowa da takobi ba, bai harba kibiya ba. Da aka kashe Ammaru ɗan Yasir, bai ji tsoron faɗin hadisin da ya ji game da ƙungiyar da za ta kashe shi ba, a gaban Mu'awiya kansa. Duk da haka ya rayu yana nadamar halartar wannan wuri yana neman gafara.

Idanunsa sun tafi a ƙarshen rayuwarsa. Mafi yawan masu tarihi sun ce ya rasu a shekara ta 65 bayan hijira yana da shekara 72, kuma masu tarihin Masar sun ce a cikin gidansa na Fusɗaɗ aka binne shi, saboda hargitsin sojoji ya hana a kai gawarsa maƙabarta. Hadisansa sun kai wajen 700, da yawa daga ciki sun iso mana ta hannun zuriyarsa, ta sanannen isnadin nan na Amru ɗan Shu'aibu daga mahaifinsa daga kakansa. Allah ya ƙara masa yarda, shi da mahaifinsa, amin.