Renoir: mai zanen Faransa da amosanin gaɓɓai ya nannaɗe wa yatsu

An haifi Pierre-Auguste Renoir ranar 25 ga Fabrairu, 1841, a birnin Limoges na Faransa. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa ma ɗinki take yi. Yana ƙaramin yaro iyalin suka koma Paris. Da ya kai shekara 13 aka sa shi koyon sana'a a wata masana'antar tangaran, inda yake zana furanni a jikin faranti da kofuna. A 1862 ya shiga makarantar zane, ya haɗu da Claude Monet, kuma a 1874 suka baje ayyukansu tare da abokansu a wani salo da masu suka suka fara yi wa dariya. A 1881 ya ziyarci Aljeriya. Kafin ya cika shekara 50, sunansa ya riga ya shahara.

Wajen 1892 ne ciwo ya fara taɓa masa gaɓɓai. Irin amosanin da likitocinmu a Garwa da Marwa ke rubutawa da Faransanci polyarthrite rhumatoïde ne. Ya bambanta da ciwon gwiwa na tsufa: a nan garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita, yawanci na yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci ɗaya. Renoir ya yi ta zuwa wankan ruwan ɗumi na magani a Aix-les-Bains, daga baya ya sayi gida a Cagnes-sur-Mer a 1907 don neman yanayi mai ɗumi. Duk da haka, zuwa 1912 ya daina tafiya, sai a keken guragu.

Bai ajiye sana'a ba. Sai an saƙala masa buroshi tsakanin yatsun da suka ƙandare, an naɗa masa tsumma don kada fata ta salaɓe, sannan ya kama aiki. Wani fim da Sacha Guitry ya ɗauka a 1915 ya nuna shi yana zane a haka, da sigari a bakinsa.

Wannan sigarin abin lura ne a yau. Bincike ya nuna cewa cutar tana tasowa ne idan gado ya haɗu da muhalli. A ɓangaren gado, wasu nau'o'in ƙwayar halitta mai suna HLA-DRB1 ne suka fi ƙara hatsarin. Amma gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci: ko a tagwaye masu kama ɗaya, galibi idan ɗaya ya kamu ɗayan yakan tsira. A ɓangaren muhalli, shan taba ne kan gaba, kuma hatsarin yakan ninka ga wanda ya gaji waccan ƙwayar. Sai ƙurar dutse da yashi da masu fasa dutse da magina ke shaƙa, da ciwon dasashi da ya daɗe, da ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 na fama da cutar a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

A 1919 aka ɗauki Renoir a kujera zuwa gidan tarihi na Louvre, ya ga zanensa rataye cikin na magabata. Ya rasu ranar 3 ga Disamba na wannan shekara yana da shekara 78. Sai a 1948 aka fara gwada maganin kotizon a kan masu wannan cuta, wato shekara 29 bayan mutuwarsa.

Mu yanzu muna da abin da bai samu ba. Magunguna irin su methotrexate suna iya tsayar da lalacewar gaɓɓai idan an fara su da wuri. Wanda yatsunsa ke kumbura, ya wayi gari hannu a sandare fiye da rabin awa har tsawon makonni, kada ya tsaya ga jiƙo da man zafi yana cewa sanyi ne; ya je asibiti a yi masa gwajin jini. Wanda kuma cutar ke danginsu, barin taba ne rigakafin da ke hannunsa.