Angelica Rozeanu: Gwanar Ƙwallon Tebur da Ƙasarta ta Ture Sau Biyu

Duk lokacin da masu sharhin wasanni suka zauna auna gwanayen mata a ƙwallon tebur, sunayen 'yan ƙasar Sin ne ke cika bakinsu. Sai dai a kundin gasar duniya akwai bajintar da babu wadda ta kamo har yau: lashe kambun 'yan wasa ɗaiɗai sau shida a jere. Mai wannan tarihi ita ce Angelica Rozeanu ta ƙasar Romaniya, wadda siyasa ta tare wa hanya a farkon rayuwarta ta wasa da kuma ƙarshenta.

An haife ta ranar 15 ga Oktoba, 1921, a birnin Bukarest, cikin iyalin Yahudawa mai suna Adelstein. Tun tana ƙaramar yarinya ta fara wasan, kuma a 1936 ta zama zakarar ƙasa. A 1938 ta yi nasara a buɗaɗɗiyar gasar Hangari, ƙasar da a wancan zamani ita ce cibiyar ƙwallon tebur a duniya.

Tauraruwarta na cikin haskawa sai al'amura suka juya. A 1940 Romaniya ta faɗa hannun Janar Ion Antonescu, abokin ƙawancen Jamus ta Hitila, kuma dokokin wariya suka fitar da Yahudawa daga harkokin jama'a, har da wasanni. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da gasar duniya ga kowa daga 1940 zuwa 1946, amma nata rashin ya zarce haka, domin ko zauren atisaye an haramta mata. Shekarun da ɗan wasa ke kaifafa hannunsa, ita a gefe ta yi su.

Da aka dawo fage, sarautar mata tana hannun Gizella Farkas ta Hangari, wadda ta lashe kambun duniya a 1947 da 1948 da 1949. A 1950, a Budapest, gaban jama'ar Farkas, Rozeanu ta doke ta a wasan ƙarshe tana da shekara 28. Ita ce macen Romaniya ta farko da ta zama zakarar duniya a kowane irin wasa. Sun sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Biyana a 1951, da Bombai ta Indiya a 1952, da Bukarest a 1953, kuma kowane karo Rozeanu ce ta yi rinjaye. Ƙarfinta yana cikin tsaro da saurin ƙafa: takan yi ta mayar da ƙwallo da haƙuri har abokiyar karawa ta gaji ko ta yi kuskure, sannan ta kai hari.

Shekarar 1953 ce ƙololuwarta. A gida ta kwashe kambu huɗu: na ɗaiɗai, na ƙungiya, na haɗin mace da namiji tare da Ferenc Sidó, da na mata biyu-biyu tare da Farkas ɗin da ta daɗe tana hamayya da ita. Ta ƙara da na Landan a 1954 da na Utrecht ta Holan a 1955. Jimillar lambobin zinarenta na duniya 17 ne.

Wajen kwatanta ta da wasu, dole a yi adalci. Mária Mednyánszky ta Hangari, zakarar farko a 1926, ta ci kambun ɗaiɗai sau biyar a jere. Deng Yaping ta Sin ta ci sau uku, a 1991 da 1995 da 1997, amma a zamanin da gasar ta koma duk bayan shekara biyu, masu hamayya kuma suka yawaita. Yawan kambu kaɗai bai isa ma'auni ba. Abin da ya fifita Rozeanu shi ne ta hau karaga a makare, ta kuma riƙe ta har lokacin da 'yan Japan suka shigo da sabon salon kai hari. A 1956, a Tokiyo, Tomi Okawa ta karɓe kambun, kuma tun daga ranar bai sake barin nahiyar Asiya ba.

Gwamnatin gurguzu ta yi alfahari da lambobinta, har ta jagoranci hukumar ƙwallon tebur ta ƙasa. Amma a ƙarshen shekarun 1950 ƙyamar Yahudawa ta sake kunno kai a hukumar, aka ture ta tare da wasu. A 1960 ta yi ƙaura zuwa Isra'ila, inda ta ci gaba da wasa na ɗan lokaci. Ta rasu a Haifa ranar 21 ga Fabrairu, 2006, tana da shekara 84.

Gwamnatoci biyu masu gaba da juna, ta 'yan kama-karya da ta gurguzu, sun haɗu a kan abu ɗaya: sun auna ta da asalinta maimakon gwanintarta. Ta farkon ta cinye mata ƙuruciya, ta biyun ta yi asarar gwanar da za ta raini na baya. Tun 1955 babu wata 'yar Romaniya, ko 'yar Turai gaba ɗaya, da ta sake ɗaga wannan kambu.