Claude Monet: Mai Zanen da Ya Tsufa a Bakin Tafki

Ban taɓa ɗaukar bado a bakin komai ba, sai ranar da na ga hotunan zanen Claude Monet a ɗakin karatun jami'armu. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa masu karatu taƙaitaccen tarihinsa.

An haife shi a birnin Paris na ƙasar Faransa a shekarar 1840, ya kuma girma a Le Havre, a bakin teku. A can ne wani mai zane, Eugène Boudin, ya koya masa yin zane a fili, yana kallon ruwa da gajimare. Ya sha talauci da bashi. A baje kolin 1874 ma an yi wa zanensa na fitowar rana ba'a, wai aikin bai kammala ba.

A 1883 ya koma ƙauyen Giverny. Daga baya ya sa aka haƙa masa tafki, ya shuka bado. Tafkin nan guda ya yi ta zanawa har kusan shekara 30, domin ya lura launin ruwa yana sauyawa daga safiya zuwa maraice. Zanen badonsa ya kai kusan 250.

Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta kama shi. Launuka suka rikice masa, har ya lalata wasu ayyukansa don takaici. Bayan an yi masa aikin ido a 1923, ya ci gaba da zanen tafkinsa. Ya rasu a 1926, yana da shekara 86.

Ni kam, yanzu ba na wuce kududdufi ban tsaya na duba ba.