Patrick Steptoe: Likitan da aikinsa ya sa aka kafa dokar dashen ƙwan haihuwa

A garuruwa irin su Bagudo, Ka'oje da Illo, macen da ta shekara goma a ɗakin miji ba ta haihu ba ta san ɗacin gori. Wasu su nufi masu magani, masu hali su nufi asibitocin Abuja ko Legas domin dashen ƙwan haihuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa shi ne likitan matan nan na Ingila, Patrick Steptoe.

An haife shi ranar 9 ga Yuni, 1913. Ya kammala karatun likita a Landan a 1939, sannan ya shiga sojan ruwa. A 1941 aka nutsar da jirginsu kusa da tsibirin Crete, ya zama fursunan yaƙi a Italiya har zuwa 1943.

A 1951 ya kama aiki a Oldham, inda ya ƙware wajen duba cikin mace da siririn madubi ba tare da babbar tiyata ba. Wannan ƙwarewa ce ta haɗa shi da masanin kimiyya Robert Edwards a 1968. Steptoe ke ciro ƙwai, Edwards da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy su haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji.

Sun sha suka daga wasu malaman addini da 'yan uwansu likitoci, kuma a 1971 hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta hana su tallafi. Bayan gwaje-gwaje masu yawa da suka ci tura, an haifi Louise Brown ranar 25 ga Yuli, 1978, jaririya ta farko ta wannan hanya.

Nasarar ta zo da fargaba, domin babu dokar da ta ce ga inda likita zai tsaya. A 1982 gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, wanda rahotonsa na 1984 ya ba da shawarar hana bincike a kan ɗan tayi bayan kwana 14. A 1985 aka haramta dillancin hayar mahaifa don kuɗi. Dokar 1990 kuma ta wajabta lasisi ga asibitocin dashe, ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara goma kan manyan laifuka, kamar sanya ɗan tayin dabba a mahaifar mace.

Duniyar Musulmi ma ta yi nata hukuncin. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta halatta dashen idan ƙwai da maniyyi na ma'aurata ne, ta haramta shigo da wani na uku. A Najeriya, sashe na 50 na Dokar Lafiya ta 2014 ya haramta kwafin halittar ɗan Adam da shigowa ko fita da ɗan tayi daga ƙasar, da hukuncin ɗaurin aƙalla shekara biyar ba zaɓin tara. Wannan tanadi ya shafi kan iyaka irin ta Benin kai tsaye.

Steptoe bai ga dokar 1990 ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 21 ga Maris, 1988. A 2010 Edwards ya karɓi kyautar Nobel shi kaɗai, saboda ba a bayar da ita ga mamaci.