Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu, Da Yadda Ta Koya Wa Yara Alheri

Jama'a, ko wane yaron makaranta a Gombe ya san sunan Modibbo Buba Yero, ya kuma san daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓo tuta. Amma in ka tambaye shi 'ya'yan Shehu, sai ya ce maka Bello, watakila ya ƙara da Atiku, daga nan sai ya yi shiru. To, ni yau labarin ɗaya daga cikin 'ya'ya mata na gidan nan zan ba ku, watau Nana Asma'u. Littattafanta da waƙoƙinta da suka iso gare mu sun kai wajen 60, amma abin da ya sa na zaɓe ta wani ne dabam. Ta gano hanyar da a ke koya wa yaro kyauta da aikin taimakon jama'a har abin ya zauna masa. Mu da a ke shirya mu don a danƙa mana 'ya'yan mutane, ina gani ba mu da abin bukata da ya wuce wannan.

An haifi Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, wajen 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar. Kowa ya karanta labarin Hijira ya san Asma'u ta fari ita ce ta ɗaure wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da mahaifinta guzuri, sa'ad da za su bar Makka. Ashe tun ran suna an haɗa yarinyar nan da ɗaukar abinci a kai wa mai bukata.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Bello. Gidan kuwa makaranta ne, maza na karatu, mata na karatu. Shehu da kansa, cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Sabo da haka Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Ban da karatun allo, akwai wanda ido ke yi. Ɗegel cike ta ke da almajirai da baƙi daga ƙasashe dabam-dabam, ko wanne kuwa sai an sauke shi an ciyar da shi, aikin kuma a kan matan gida da yara ya ke. Shi kansa Shehu an ruwaito bai tara dukiya ba, igiya ya ke tufkawa a sayar ya sami abin ci. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida ba sai an zaunar da ita an gaya mata amfanin ciyarwa ba. Tana gani safe da maraice, gani kuwa ya kori ji.

Tana da shekara kamar 11 sa'ad da al'amari ya ɓaci tsakanin Jama'a da Yunfa Sarkin Gobir, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804. A watan Yuni aka yi yaƙin Tafkin Kwato, Jama'a suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta fita aka yi na Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Daga nan sai yawo, yau nan gobe can, ga yunwa ga cuta, har aka zauna Gwandu cikin 1805. Ba a ci Alkalawa ba sai 1808. Watau shekarun da sauran yara ke wasan gaɗa, ita ta yi su ne tana kallon matan da mazansu ba su komo ba, da marayu, da masu rauni. Ta san yunwa a cikinta, ta kuma san daɗin ƙoƙon fura sa'ad da wani ya miƙo maka shi ba ka roƙa ba.

Aka aurar da ita ga Gidado ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817, aka naɗa Bello Sarkin Musulmi. Gidan Waziri kuwa nan ne masaukin manzanni da manyan baƙi, har Baturen nan na Ingila, Kilafatan, a hannun Gidado ya sauka cikin 1824. Ita da mijinta suka ɗauki nauyin tattara littattafan Shehu da adana su. Da hutu ta so, da ta samu, gama 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri.

Amma akwai abin da ya hana ta sakewa. Yaƙi ya bar ƙauyuka cike da zawarawa da marayu da waɗanda aka kamo, yawancinsu ba su san ko alwala ba. In ciwo ya kama mace, ko ɗanta, ba ta da wurin zuwa sai gun 'yan bori. Asma'u ta duba ta ga hani kaɗai ba ya raba mutum da abin da ya dogara gare shi ran wuya, sai an ba shi wanda ya fi shi. Ga shi kuma ita ba ta da damar bin ƙauyuka, matan aure su ma ba su da damar barin ɗakunansu.

Dabarar da ta yi ita ce wadda a ke kira 'Yan Taru, ta kuwa kahu ne tun zamanin Bello, ta ƙara ƙarfi bayan rasuwarsa cikin 1837. A ko wane ƙauye sai ta zaɓi dattijuwa mai ilmi da mutunci ta naɗa ta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Alamar jaji malfa ce, a naɗa mata jan ƙyalle. Irin malfar nan dā Innar Gobir, shugabar 'yan bori, ke sawa, sai Asma'u ta ɗauko ta ta ɗora wa malama, don matan ƙauye su gane wurin da girma ya koma. Jaji ita ke tara ayari ta jawo shi da ƙafa har gidan Asma'u. Waɗanda ke cikin ayarin kuwa kashi biyu ne, tsofaffin da suka daina haihuwa, da 'yam mata ƙanana waɗanda ba su kai aure ba. Matan da suka saura a gida sai su ba da saƙonsu na sadaka, wannan hatsi, waccan zuma, wata man shanu, wata ƙyalle.

In sun iso sai ta sauke su, ta karantar da su da waƙa, gama waƙa ta fi saurin zama a ka ga wanda bai iya karatu ba. Ta tsara musu sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa guda, da tarihin Annabi, da na hijirar Shehu, da hukuncin salla da azumi da zakka. An ce ta kan kira 'yam matan ta shafa kansu ta sa musu albarka. Kayan da suka kawo kuwa ba rumbunta ya ke shiga ba, rarraba shi a ke yi ga makafi da guragu da sauran mabukata. Sa'an nan ayari ya juya gida, su koya wa matan kulle abin da suka jiyo, su kama jiyyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da sulhunta masu faɗa.

To, a nan na ke so mu tsaya mu duba. Yarinya 'yar shekara goma ta ɗauko ƙwaryar gero tun daga ƙauyensu, wuyanta ya gaji, ƙafarta ta yi kaushi. Ta san uwarta ce ta ɗebo geron nan daga abincinsu. Kakarta na gabanta ɗauke da nata kaya. Ta iso, ta ga babbar malama ta karɓa da godiya, ta kuma san bakin da zai ci. Uwa ta bayar, kaka ta yi jagora, jika ta ɗauka, gida guda ke nan ya haɗu kan sadaka guda. Wane darasi za mu rubuta a allo da zai kama wannan? Yarinyar nan ita ce za ta girma ta aiko da tata 'yar, in ta tsufa watakila ita za a ɗora wa malfa.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi cikin waƙoƙinta na makoki. Ta yi wa Bello, ta yi wa Gidado, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa matan da ba su da sarautar kome. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana jawo mata ayari. Akwai Zaharatu, wadda aka sani da zuwa wurin masu naƙuda da wankan gawa. Akwai maƙwabciyarta Halima. Da ta zo kan 'yar'uwarta Faɗima, abin da ta fi yabo gare ta shi ne ciyar da dangi da baƙi ba bambanci. Waƙoƙin nan yara na jin su a tsakar gida, sai su tashi da sanin irin mutumin da a ke yi wa kuka in ya mutu. Yaro kuwa abin da ya ji manya na yabo, shi ya ke so ya zama.

Asma'u ta rasu cikin 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbaren Shehu kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauka, bayanta kuma Ta Modi ta gada, har Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 ayarin mata bai yanke ba. Yawancin takardunta an adana su a gidan Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, daga nan ne wata Baturiya, Jean Boyd, ta samo abin da ta rubuta tarihinta da shi cikin 1989. Har a Amurka an sami mata Musulmi da suka kafa ƙungiyoyi suka sa musu suna 'Yan Taru. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yanzu sai mu komo gida. Sa'ad da Asma'u ke wannan aiki, Buba Yero yana Gombe Abba, a bakin kogin Gongola, yana kafa tasa ƙasa, har ya rasu cikin 1841. Tuta ɗaya ce, gado ɗaya ne, sabo da haka ba aron kayan wasu na kawo muku ba. Irin abin da ta gani tana yarinya mu ma mun gani, gama cikin 2013 da 2014 dubban mutane sun gudo daga Barno da Yobe suka shigo garin nan, da yawansu kuwa gidajen mutane suka sauke su. Yaran da aka matsa a ɗakinsu don baƙo ya sami wurin kwana sun sami karatun da ba ya cikin manhaja.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, kyauta tana neman komawa aikin manya da attajirai kaɗai. Uba ya aika da kuɗi ta waya, ɗansa bai san an yi ba. Wani kuma in zai ba da buhun shinkafa sai an ɗauki hoto, yaro na kallo, ya zaci haka a ke yi. Ciyayya tsakanin maƙwabta da aikin gayya, waɗanda iyayenmu suka tashe mu a kai, suna ja da baya.

Shawarata ga iyaye ba mai tsada ba ce. Ran jajiberin Salla, a bar yaro ya auna zakkar fid da kai da hannunsa, mudun Annabi huɗu ga ko wane kai, ya ɗauka ya bi uban har ƙofar wanda za a ba. Naman layya shi zai kai, a kuma koya masa ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da mai karɓa, kada ya miƙa a tsaye kamar mai biyan bashi. In za a dubo mara lafiya a tafi da shi. In an ba shi kuɗin tara, a bar shi ya cire wani abu da kansa, gama abin da ya fita daga aljihun uba sadakar uba ce.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, in an tura ɗayanku Dukku ko Kumo ko Nafaɗa, ya nemi tsohuwar da unguwa ke jin maganarta, ita ce jajinsa. Ya haɗa ta da 'yan ajinsa su ɗebo wa gajiyayyu ruwa, su share masallaci da maƙabarta, su yashe magudanar ruwa kafin damina ta faɗi. Shi ma ya kama tsintsiya, kada ya tsaya a inuwa da bulala. Amma fa a yi hattara da abu guda, kada a tsai da maraya gaban aji a ba shi riga ana tafi. Wanda aka kunyata da kyauta ba ya mantawa, waɗanda suka kalla kuma girman kai suka koya.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ji ƙan Nana Asma'u, ya haskaka kabarinta, ya ba mu ikon tashin 'ya'yan mutane da buɗaɗɗen hannu. Amin.