Mu'utamidu ɗan Abbadu, Sarkin Ishbiliya

An haifi Mu'utamidu a ƙasar Andalus cikin shekara ta 1040, ya gaji ubansa a sarautar Ishbiliya cikin 1069. Tun yana ɗan sarki ya shahara wajen waƙar Larabci, da ya hau gado kuwa sai fadarsa ta zama matattarar mawaƙa.

Cikin 1085 Alfonso, Sarkin Kastila, ya ci birnin Ɗulaiɗila. Sarakunan Andalus suka tsorata, suka nemi gudummawa wurin Yusufu ɗan Tashfin, Sarkin Murabiɗai na Maroko. Ya ƙetaro, suka haɗu suka kori Alfonso a Zallaƙa cikin 1086. Amma mai gudummawa ya ga ƙasa ta yi masa kyau. Cikin 1091 rundunarsa ta ci Ishbiliya, aka kashe 'ya'yan Mu'utamidu biyu, ɗaya a Ƙurɗuba, ɗaya a Runda. Shi kuwa aka tuɓe shi, aka kai shi Agmatu, kusa da Marrakush, shi da iyalinsa.

To, a nan ne waƙarsa ta sake. Da can ta annashuwa ce da begen matarsa I'itimadu. Yanzu ba fada, ba dogarai, ba mai faɗuwa gaisuwa, sai ya mai da baƙin cikinsa baitoci. Ya yi wa 'ya'yansa marsiyya. Ya yi wa marin ƙafarsa magana kamar mai ji. Ya ga tsuntsaye sun wuce, ya yi waƙa yana fatan da ma shi ne su. Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce ta ranar Salla, sa'ad da 'ya'yansa mata suka shigo gaishe shi cikin tsummoki, ƙafa ba takalmi, suna kaɗi ana biyansu lada. Wanda duk ya taɓa riƙe muƙami ya san ba rashin dukiya ke cin mutum ba, sai ya wayi gari bai san ko shi wane ne ba. Mu'utamidu bai ɓoye wannan ba.

Ya rasu a Agmatu cikin 1095. Masu tarihi sun ce da aka yi shelar jana'izarsa ba a ambaci sunansa ba, aka dai kira mutane su zo su sallaci wani baƙo. Bayan shekara fiye da 250, Ibnul Haɗibi, Wazirin Garnaɗa, ya zo takanas ya ziyarci kabarin. Allah ya jiƙansa.